Bin Sawun Mota da Wayar Salula: Ƴan Sanda da Sirrin Jama'a

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce an bi sawun mutum, asalin maganar daga ƙasa ta fito. Ɓarawo ya kora shanu cikin dare, gari na wayewa masu dukiya su fita suna duban inda kofato ya taka, su yi ta bi har inda sawun ya tsaya. Irin wannan bin sawu yana da iyaka. Iska takan share shi, ruwan sama ya wanke shi, ko garken wasu ya bi ta kansa ya dagula shi. Kuma ba a bin sawun kowa sai wanda ake nema, domin aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi.

A yanzu akwai sawu iri biyu waɗanda iska ba ta share su: na mota da na wayar salula. Ba a ƙasa suke ba, a cikin kwamfuta ake ajiye su, kuma kusan duk mai waya a aljihu yana barin su ko ya sani ko bai sani ba. Ƴan sanda a ƙasashe da yawa sun mayar da su kayan aiki, sun kama masu laifi da su. Sai dai kuma hakan ya tayar da gardama, musamman a Amurka da ƙasashen Turai, a kan iyakar abin da ya halatta hukuma ta sani game da mutumin da ba a kama shi da laifin komai ba.

Kalmar da gardamar take kewayawa a kanta tana bukatar ɗan bayani, domin Hausa ba ta da kalma ɗaya tak da ta ɗauke ma'anar duka. Akwai "sirri", wato abin da mutum bai so kowa ya ji. Akwai "asiri", kamar yadda ake cewa an tona asirin wane, ko Allah ya rufa asiri. Wanda ya roƙi rufin asiri ba cewa yake yi ya aikata laifi ba. Fatansa dai kada halin da yake ciki ya zama abin kallon jama'a. Ginin gidan Bahaushe ma yana nuna wannan tunani: baƙo yana tsayawa a zaure, ba ya wucewa ciki sai da izini, alhali ba wani mugun abu ake yi a cikin gidan ba. To, wannan ma'ana ce ake nufi da "sirri" a cikin wannan bayani.

Yadda ake bin sawun

Hanya ta farko ita ce liƙa wa mota na'ura. Ƴar ƙaramar aba ce da ake mannawa a ƙarƙashin mota, tana aiki da tsarin GPS. Mutane da yawa suna zaton tauraron ɗan'adam ne ke hango motar daga sama, amma ba haka abin yake ba. Taurarin, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, saƙo kawai suke aikowa. Na'urar ce ke karɓar saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa inda take, sannan ta aika da amsar ta hanyar layin waya zuwa kwamfutar wanda ya liƙa ta.

Hanya ta biyu ita ce kyamarar da ke karanta lambar mota. Ana kafa ta a bakin hanya ko a kan motar sintiri. Duk motar da ta wuce, sai ta ɗauki hoton lambarta, ta rubuta wuri da lokaci.

Hanya ta uku, wadda ta fi sauran zurfi, ita ce ta wayar salula. Waya ba ta aiki sai ta haɗu da turken sadarwa, wanda a bakin jama'a ake kira ƙarfen sabis. Kafin kira ya iso ga mutum, dole kamfanin waya ya san turken da ke kusa da shi. Saboda haka a duk lokacin da aka yi kira, ko aka aika saƙo, ko wayar ta shiga intanet da kanta tana cikin aljihu, kamfani yakan rubuta turken da ta yi amfani da shi. A ƙauye, inda turke ɗaya ke ɗaukar yanki mai faɗi, bayanin ba ya nuna wuri daidai. Iyakarsa a ce wayar tana cikin kewayen kilomita kaza. A birni kuwa, inda turaku suka yi yawa, yakan nuna unguwa, wani lokaci har layi. Abin lura a nan shi ne, ba don ƴan sanda aka fara tara wannan bayani ba. Kamfanoni sun tara shi ne don lissafin kuɗi da gyaran aikinsu. Ƴan sanda zuwa kawai suka yi suka tarar da rumbu a cike.

Motar Jones

Shari'ar da ta fi fito da wannan matsala fili ta faru ne a Amurka. Antoine Jones mai gidan rawa ne a birnin Washinton, kuma tun 2004 ƴan sanda da hukumar FBI suke zarginsa da fataucin hodar iblis. A 2005 suka samu waranti, wato takardar izinin bincike daga alƙali, domin su liƙa na'ura a wata mota ƙirar jif da yake hawa, wadda aka yi wa rajista da sunan matarsa. Alƙali ya gindaya sharaɗi biyu: a liƙa ta cikin kwana 10, kuma a cikin birnin Washinton. Jami'an suka saɓa duka biyun. A rana ta 11 suka liƙa ta, kuma a jihar Maryland da ke maƙwabtaka. Na'urar ta yi kwana 28 tana aiko da inda motar take, da kuskuren da bai wuce mita 15 zuwa 30 ba, har bayanin ya cika shafi sama da 2,000. Da shi aka danganta Jones da wani gida inda aka samu hodar iblis kilo 97 da tsabar kuɗi dala 850,000. A 2008 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Da aka ɗaukaka ƙara, gwamnati ba ta musa cewa an saɓa wa sharuɗɗan warantin ba. Cewa ta yi tun farko ma ba ta bukatar waranti. Hujjarta tana da tushe. Gyara na huɗu na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana a binciki mutum ko gidansa ko takardunsa ko kayansa ba bisa ƙa'ida ba. Amma a 1983, a shari'ar Knotts, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ke tafiya a mota a kan hanyar jama'a ba shi da wani sirri game da inda ya nufa, tunda duk wanda ke bakin hanya yana iya ganinsa. A waccan shari'a ƴan sanda sun ɓoye wata ƴar na'ura mai aika sauti a cikin duron sinadari, suka bi motar da ta ɗauke shi daga jihar Minnesota zuwa Wisconsin. Gwamnati ta ce motar Jones ma a kan hanya take tafe, a idon kowa.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton ba ta yarda ba, a hukuncinta na 2010. Dalilinta shi ne ginshiƙin duk wannan gardama, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Gaskiya ne kowace tafiya a fili aka yi ta. Mai shago ya ga motar ta wuce da safe, mai gadi ya gan ta a ƙofar asibiti da hantsi, wani ya gan ta a ƙofar wani gida da dare. Amma babu wani mutum guda da ya ga dukansu. Zuwa asibitin mata sau ɗaya ba ya nuna komai. Idan bayan ƴan makonni aka ga matar ta shiga kantin kayan jarirai, labari ya fito. Wanda ya san duk inda mutum ya je a wata guda zai iya gane wurin ibadarsa, da likitan da yake gani, da ƙungiyar siyasar da yake halarta, da gidan da yake kwana idan ba a nasa ya kwana ba. Ke nan abin da ba sirri ba ne idan yana warwatse, yakan zama sirri idan aka tattara shi wuri ɗaya.

Da maganar ta isa Kotun Ƙoli a Nuwamba 2011, babban alƙali John Roberts ya tambayi lauyan gwamnati ko bisa hujjarsa za a iya liƙa irin wannan na'ura a motocin alƙalan kotun su kansu, a bi su wata guda ba da waranti ba. Lauyan ya amsa cewa in dai a kan hanyar jama'a suke tafiya, hujjarsa ta haɗa da su. Ranar 23 ga Janairu 2012 alƙalai tara duka suka yanke cewa abin da aka yi wa Jones bincike ne irin wanda tsarin mulki ya yi magana a kansa. Sai dai sun rabu a kan dalili. Biyar, a ƙarƙashin alƙali Scalia, sun tsaya ne a kan cewa jami'ai sun taɓa dukiyar mutum, sun liƙa mata abu don neman bayani. Huɗu, a ƙarƙashin alƙali Alito, suka ce taɓa motar ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana bin ta. Alito har ya yi ba'a, ya ce kafin a yi makamancin haka a 1791 sai dai a ɓoye ɗan sanda a cikin keken doki, wanda ke bukatar ko dai ƙaton keke, ko ɗan mitsitsin ɗan sanda mai tsananin haƙuri.

A cikin bayanin Alito akwai wata magana da ta fi ba'ar muhimmanci. Ya nuna cewa a da, ba doka ce ta fi kare sirrin jama'a ba, wahalar aikin ce. Bin mutum ɗaya na mako huɗu yana bukatar tarin jami'ai da motoci, ƙila har da jirgin sama. Saboda tsadar abin, ba a yin sa sai a kan babban laifi. Na'ura ta kawar da wannan tsada. Yawan abin ya fito fili bayan hukuncin, lokacin da babban lauyan FBI ya bayyana cewa hukumar ta kashe na'urori kusan 3,000 da ke liƙe a motocin mutane. Shi kuwa Jones bai tsira ba gaba ɗaya: a 2013 ya amsa laifi, aka yanke masa shekara 15.

Wayar Carpenter

Hukuncin Jones ya bar babbar ƙofa a buɗe. Idan laifin jami'ai shi ne taɓa mota, to yaya za a yi idan ba su taɓa komai ba, kamfanin waya kawai suka rubuta wa takarda?

A 2011 ƴan sandan birnin Detroit suka kama wasu mutum huɗu bisa zargin fashi da makami. Abin dariya, shagunan sayar da wayoyi suke yi wa fashi, kuma waya ce ta tona musu asiri. Ɗaya daga cikinsu ya amsa laifi, ya ba da lambobin wayar abokan aikinsa, ciki har da ta Timothy Carpenter. Masu gabatar da ƙara suka nemi bayanin turakun da wayarsa ta yi amfani da su daga kamfanoni biyu. Ba waranti suka nema ba, wanda sai an gamsar da alƙali cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Wani umurni ne mai sauƙin samu a ƙarƙashin wata doka ta 1986. Suka samu bayanin kwana 127, mai ɗauke da wurare 12,898, wato kimanin 101 a kowace rana. Bayanin ya nuna wayar tana kusa da shaguna huɗu a daidai lokacin da aka yi musu fashi. Aka yanke wa Carpenter ɗaurin sama da shekara 100.

A nan ma gwamnati tana da tsohuwar hujja. A 1976 da 1979 Kotun Ƙoli ta yanke cewa abin da mutum ya miƙa wa wani da hannunsa, kamar takardun banki ko lambobin da ya buga a tarho, ya fita daga sirrinsa. Tunda mai waya shi ne ke ba kamfani labarin inda yake, sai a ce ya yafe sirrin da kansa.

Ranar 22 ga Yuni 2018 kotun ta ƙi wannan hujja, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Roberts, wanda ya rubuta hukuncin, ya kawo dalilai da suka bambanta waya da mota. Mutum yakan fita daga motarsa ya bar ta a waje, amma wayar tana bin sa har cikin ɗaki, da ofishin likita, da wurin taro. Ba da son ransa yake ba da bayanin ba, kunna wayar kaɗai ya isa, kuma zama ba waya a wannan zamani ba zaɓi ba ne ga yawancin mutane. Dalili na uku ya fi ban tsoro. Kafin a liƙa wa mota na'ura, sai an riga an san wanda ake zargi. Bayanin waya kuwa baya yake komawa. A lokacin, kamfanonin Amurka suna ajiye shi har tsawon shekara biyar, don haka duk wanda aka fara zargi yau, sai a tarar tamkar an daɗe ana bin sa, shi da kowa. Kotun ta ce neman irin wannan bayani na kwana bakwai ko fiye yana bukatar waranti, amma ta ware halin gaggawa, kamar satar yaro ko barazanar bam ko mai laifi da ke tserewa. Carpenter shi ma bai fita daga kurkuku ba, domin a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jami'an sun yi aiki ne da dokar da ke akwai a lokacin, ta bar hukuncinsa yadda yake.

Abin da tarin bayani ke tonawa

Wani ɗan siyasa a Jamus, Malte Spitz na jam'iyyar masu kare muhalli, ya so ya ga abin da idonsa. Ya kai kamfanin Deutsche Telekom ƙara har ya karɓi bayanin wayarsa na wata shida, daga Agusta 2009 zuwa Fabrairu 2010. Ya tarar an rubuta inda yake sau sama da 35,000. A 2011 jaridar Die Zeit ta ɗora bayanin a kan taswira a shafinta na intanet, inda kowa zai iya bin sa yana hawa jirgin ƙasa, yana sauka, yana kwana a wannan gari, yana tashi a wancan. Ba a saurari ko kalma ɗaya daga maganganunsa ba, amma rayuwarsa ta wata shida ta fito sarai. A wancan lokaci wata dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta wajabta wa kamfanoni ajiye irin wannan bayani na kowa da kowa, daga wata shida zuwa shekara biyu. A Afrilu 2014 kotun Tarayyar ta soke dokar, ta ce ta shiga sirrin jama'a fiye da kima.

Akan ce ai ana iya cire sunaye daga bayanin. Wannan ba ya magani sosai. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya duba bayanin wayar mutum miliyan ɗaya da rabi na wata 15, ya nuna cewa sanin wurare huɗu kacal da lokutansu ya isa a ware mutum 95 cikin 100 daga sauran jama'a. Dalilin a fili yake: da wuya a samu mutum biyu da ke kwana a gida ɗaya, su yi aiki a wuri ɗaya, su kuma bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum.

Kyamarorin Ingila

Ta fannin lambar mota, Ingila ce kan gaba. A can aka ƙirƙiro na'urar karanta lamba a 1976, kuma a 2006 aka buɗe cibiya guda ta ƙasa da ke tattara abin da kyamarorin ƴan sanda suka ɗauka. Zuwa farkon shekarun 2020 ana ɗaukar lamba kusan sau miliyan 60 a rana, ana ajiye bayanin shekara guda. Mafi yawan waɗannan motoci ba a neman su da komai.

Wurin da aka kafa kyamara ma yana magana. A 2010 aka gano cewa an kafa kyamarori sama da 200 a unguwannin Washwood Heath da Sparkbrook na birnin Birmingham, inda yawancin mazauna Musulmi ne. An gaya wa jama'a cewa don maganin ƙananan laifuka ne, sai ga shi kuɗin aikin, fam miliyan uku, daga asusun yaƙi da ta'addanci suka fito. Mazauna suka yi ca, shugaban ƴan sandan yankin ya nemi gafara, a 2011 aka cire kyamarorin. A nan ba mutum ɗaya aka zarga ba, unguwa biyu aka sa wa ido.

Mai kaza a aljihu

Masu goyon bayan bin sawu suna da amsa wadda Bahaushe zai gane nan take: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wato wanda bai yi laifi ba, me zai ɓoye? Maganar tana da ƙarfi, kuma misalan da aka kawo a baya suna taimaka mata, tunda Jones da Carpenter ba salihai ba ne. Amma ta dogara ne a kan abu biyu: cewa na'ura ba ta kuskure, kuma mai riƙe da ita ba ya cin amana. Duka biyun ba su tabbata ba.

A 2019 hukumomin ƙasar Danmak suka gano kuskure a bayanan turakun waya da kotuna suka daɗe suna karɓa a matsayin shaida. Kwamfutar ƴan sanda tana zubar da wani sashe na bayanin yayin da take sarrafa shi, wani lokaci kuma ana danganta waya da turken da ba nata ba. Sai da aka sake duba shari'u 10,700, aka dakatar da amfani da irin wannan shaida na wata biyu, aka kuma saki mutum 32 da ke tsare. Ko da ba kuskuren kwamfuta, waya ba kullum take kama turke mafi kusa ba. Idan ya cika, ko gini ya tare shi, sai ta kama na nesa. Sannan bayanin yana nuna inda waya take ne, ba wanda ke riƙe da ita ba.

Cin amana kuwa ba ya bukatar dogon bayani. A 2016 kamfanin dillancin labarai na AP ya binciko cewa tsakanin 2013 da 2015, sama da sau 325 aka kori jami'an ƴan sandan Amurka, ko aka dakatar da su, ko suka ajiye aiki, saboda sun shiga rumbun bayanan hukuma don biyan bukatar kansu, kamar leƙen tsoffin matansu da maƙwabta da abokan gaba. Wannan shi ya sa masu kare sirri, in ban da ƙalilan, ba sa cewa a hana bin sawu ɗungurungum. Abin da suke nema shi ne a samu wani a tsakani, wanda ba ɗan sanda ba, da zai ji dalili kafin ya ba da izini, a kuma ƙayyade tsawon lokacin ajiye bayanin, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya duba shi.

Nijeriya da Nijar

Wannan gardama ta shafi ƙasashen da Hausawa ke zaune, ko da yake yanayin ya bambanta. Inda garkuwa da mutane ta yi ƙamari, iyalan wanda aka sace su ne kan gaba wajen roƙon a bi layin da aka kira su da shi, kuma babu wanda zai ga laifinsu. Bin layukan waya na cikin hanyoyin da ƴan sandan Nijeriya suka bi har suka kama ƙasurgumin mai garkuwar nan da ake kira Evans a Legas a Yuni 2017.

Nijeriya ta fara rajistar layukan waya a 2011, da hoto da zanen yatsa, kuma a Disamba 2020 gwamnati ta umurci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ƴan ƙasa, da na gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na tarho. A ɗaya ɓangaren, sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar sadarwa na shekara biyu, su kuma miƙa su idan jami'an tsaro suka nema. Sashen ya ce a kula da sirrin da tsarin mulki ya kare, amma bai sa izinin alƙali ya zama sharaɗi ba. A Fabrairu 2020 ƙungiyar kare ƴan jarida ta CPJ ta ba da rahoton yadda ƴan sanda suka yi amfani da bayanan waya suka gano abokan wasu ƴan jarida, suka sa su kira su, aka yaudare su zuwa inda aka kama su.

A Nijar, majalisar dokoki ta amince da dokar sauraron wasu hanyoyin sadarwa a ƙarshen Mayu 2020, da hujjar yaƙi da ta'addanci da kare tsaron ƙasa. Ƴan majalisa na ɓangaren adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar. Babban abin da aka soki dokar da shi shi ne, ta ɗora ikon ba da izini a hannun shugaban ƙasa, ba alƙali ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi yawa a wannan yanki fiye da Turai, wato layi ya kasance a hannun wanda ba shi ne mai shi na asali ba. Ana aron waya, ana sayen ta hannu, ana yi wa tsoho rajista da sunan ɗansa, kamfanoni kuma suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. A Yuli 2019 hukumar tsaron farin kaya ta Nijeriya ta kama wani ɗan kasuwa a Asaba, jihar Delta, ta tsare shi mako 10. Abin da ya jawo masa shi ne layin da ya saya da kuɗinsa, da rasiti a hannu, ya kasance tsohon layin ɗiyar shugaban ƙasa na lokacin. Bayan an sake shi ya kai ƙara, kuma a Mayu 2020 babbar kotun tarayya da ke Asaba ta ce an tauye masa haƙƙi, ta umurci hukumar ta biya shi diyyar naira miliyan 10.